AHMED MUSA: DAGA JOS ZUWA KOFIN DUNIYA, SA'AN NAN YA KOMO ƘOFAR MATA

Ran Jumma'a 22 ga watan Yuni, 2018, ana idar da sallar la'asar, gidajen kallon ƙwallo na garuruwan Jihar Jigawa, tun daga Dutse har Kafin Hausa da Haɗeja, suka cika maƙil da matasa da magidanta. Nijeriya ce za ta kara da ƙasar Aislan a birnin Volgograd na ƙasar Rasha, a gasar cin Kofin Duniya. Kwana shida kafin nan Kuroshiya ta doke Nijeriya da ci biyu da nema, saboda haka kowa ya san in aka sake shan kashi a wannan rana, to sai haɗa kaya a komo gida. Aka yi rabin farko na wasan 'yan Nijeriya ba su tsinana wani abin kirki ba, har waɗansu 'yan kallo suka fara guna-guni suna cewa kuɗin shigarsu ya tafi a banza.

Minti huɗu da komowa daga hutu, sai Victor Moses ya sheƙo da ƙwallo ta gefen dama, ya cillo ta tsakiya. Wani siririn saurayi mai lamba 7 a baya ya miƙa ƙafa ya tare ta a sama, kafin ta gama sauka ƙasa ya ɗirka ta cikin raga. A minti na 75 kuma aka jefo masa wata doguwar ƙwallo ta gefen hagu, ya tsere wa ɗan bayan da ke biye da shi, ya kauce wa mai tsaron gida, ya tsaya ya daidaita, sa'an nan ya buga ta tsakanin mutum biyu da suka ruga su tare bakin raga. Aka tashi Nijeriya na da biyu, Aislan na nema. Wannan saurayi shi ne Ahmed Musa, shekarunsa 25 a lokacin, kuma da waɗannan ƙwallaye biyu ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci ƙwallo a gasar Kofin Duniya biyu daban-daban.

Murnar da aka yi a wannan yanki ta wuce ta cin wasa kawai. Mutanen Kafin Hausa da sauran ƙasar Haɗeja suna ɗaukar Ahmed Musa nasu ne, domin ƙungiyar Kano Pillars ce ta fito da shi, ita kuwa Pillars an kafa ta a 1990, lokacin da duk wannan yanki yana cikin tsohuwar Jihar Kano. Sai a watan Agusta na 1991 aka yanke Jigawa. An raba jiha, an raba ma'aikata da motoci da kujerun ofis, amma ba a raba magoya bayan Sai Masu Gida ba.

An haifi Ahmed Musa a Jos ran 14 ga watan Oktoba, 1992. Mahaifinsa Musulmi ne, ya rasu tun yaron yana ƙarami. Mahaifiyarsa kuwa Kirista ce 'yar asalin Jihar Edo, ita ce ta ci gaba da ɗawainiyarsa har ya girma. Wanda ya san abin da ya auku a Jos a 2001 da 2008 da 2010, lokacin da aka yi ta zub da jini da sunan addini da ƙabila har unguwanni suka rabu gida biyu, zai gane cewa tashi a irin wannan gida a irin wannan gari ba ƙaramin abu ba ne. Filin ƙwallo yana cikin wurare kaɗan da suka rage inda yaro zai miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo ba tare da ya tambayi sunan ubansa ba.

Jos kuwa tsohuwar matattarar 'yan ƙwallo ce. Ƙungiyar Mighty Jets ta garin ita ce ta fara cin gasar lig ta ƙasa a 1972, shekara shida kafin Raccah Rovers ta kawo wa Kano wannan kofi a 1978. A Jos ɗin aka haifi John Mikel Obi. Ahmed ya sami horonsa a makarantar koyon ƙwallo ta GBS, daga nan aka ba da shi aro ga JUTH, watau ƙungiyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, inda ya fara buga wasan manya tun bai cika shekara 17 ba.

SHEKARA GUDA A KANO

A 2009 ya iso Kano Pillars, ya kuwa tarar da ita cikin ganiyarta. Ta ci gasar lig a 2008, a 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tsai da ita. Shiga irin wannan ƙungiya da samun gurbi a cikinta aiki ne ga ƙasaitaccen ɗan wasa, balle yaron da gemu bai fito masa ba. Ga kuma 'yan kallon filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, waɗanda ba su san haƙuri da ɗan wasa ba: in ka yi abin kirki su ɗauke ka a ka, in ka ɓarar da ƙwallo su kira ka da sunan da ba za ka so iyayenka su ji ba.

A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18, Pillars ta zo ta biyu a bayan Enyimba ta Aba. Kafin wannan lokaci, mafi yawan ƙwallayen da mutum guda ya taɓa ci a kaka ɗaya tun da aka mai da gasar ta 'yan sana'a su ne 17, waɗanda Ishaya Jatau ya ci a 1990. Shekara ashirin wannan adadi yana nan ba wanda ya wuce shi, sai ga yaro ɗan shekara 17 ya ture shi. Nasa adadin bai daɗe ba, don Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20 a kakar da ta biyo, Mfon Udoh na Enyimba kuma ya ci 23 a 2014. Amma dai an riga an san shi.

Makaminsa gudu ne. Ba shi da girman jiki, ba a san shi da cin ƙwallo da ka ba, ba kuma ya cikin masu yawan yanka da ado irin na Jay-Jay Okocha. Abin da yake bukata fili ne a bayan 'yan baya da kuma wanda zai jefa masa ƙwallo can. In ya sami waɗannan biyu, sai dai mai tsaron gida ya yi ta kansa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin nasarorinsa duka, shi ne kuma mabuɗin faɗuwar da ya yi daga baya a Ingila.

A watan Satumba na 2010 ya fara buga wa babbar ƙungiyar ƙasa, a wasan neman shiga gasar Kofin Afirka da Madagaska. A wannan shekara ce ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta saye shi, amma sai da ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin ya fara buga mata, saboda dokar hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta hana a ƙetare da yaron da bai kai waɗannan shekaru ba zuwa wata ƙasa don sana'ar ƙwallo. An kafa dokar ne saboda dillalan da ke kwasar yaran Afirka da alkawarin ƙungiya a Turai, su karɓe kuɗin gonar iyayensu, su watsar da su a tashar jirgi. Har yanzu irin waɗannan dillalai ba su ƙare ba, kuma sunan mutane irin su Ahmed Musa suke ambata in za su yaudari iyaye.

Wani abin sha'awa shi ne, ba shi ne ɗan Arewa na farko da ya sa rigar Venlo ba. Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, shi ma mai gudun tsiya a gefen dama, ya buga mata aro a farkon shekarun 1990 kafin ya kai ga Ajax ta Amsterdam. A lokacin ƙaramar ƙungiya ce mai fama da neman tsira daga faɗawa rukuni na biyu, kuma a irin wannan wuri ne baƙon yaro kan sami damar buga wasa kowane mako.

Watan Janairu na 2012 ya koma CSKA ta birnin Mosko. A nan ya yi shekarunsa mafi albarka. Ya ci gasar lig ta Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016, ya kuma ci kofin ƙalubale na ƙasar a 2013. Mai horar da ƙungiyar, Leonid Slutsky, ya gane irin dokin da ke hannunsa: wani lokaci ya sa shi a gefe, wani lokaci ya tura shi gaba shi kaɗai, amma ko yaushe yakan bar masa filin gudu. Yaron da ya saba da zafin Kano ya koyi buga ƙwallo cikin ƙanƙara da safar hannu.

A tsakanin nan ne ya ci Kofin Afirka tare da Nijeriya a Afirka ta Kudu, ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi. Shi ya ci ƙwallo ta huɗu a wasan kusa da na ƙarshe da aka lallasa Mali da ci 4 da 1 a Durban, sa'an nan ran 10 ga watan Fabrairu, 2013, Sunday Mba ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo da ta kawo kofin, karo na uku bayan na 1980 da na 1994. Shekara guda bayan haka, ran 25 ga watan Yuni, 2014, a Porto Alegre ta ƙasar Barazil, aka yi wasan da ya sa duniya ta san sunansa. Lionel Messi ya ci wa Ajantina a minti na 3, Ahmed Musa ya rama a minti na 4. Messi ya ƙara da bugun tazara dab da hutu, Ahmed ya sake ramawa minti biyu da komowa. Marcos Rojo ne ya raba gardama, aka tashi 3 da 2. An ci Nijeriya, amma ba a taɓa samun ɗan Nijeriya da ya ci ƙwallo biyu a wasa guda na Kofin Duniya ba sai ran nan.

ABIN DA YA FARU A INGILA

A watan Yuli na 2016 Leicester City, wadda ta ba duniya mamaki da cin gasar Firimiya a wannan shekara, ta saye shi a kan fam miliyan 16 da 'yan kai, kuɗin da ba ta taɓa biya a kan wani ɗan wasa ba kafin nan. Ga masu kallo a Arewa wannan ya fi kome daɗi, domin gasar Ingila ita ce ake nunawa kowace Asabar da Lahadi a gidajen kallo, ga shi yanzu za a riƙa ganin ɗan gida a ciki. Da ya ci Barcelona ƙwallo biyu a wasan share fage a Stockholm cikin watan Agusta, ɗaya daga ciki bayan ya taso da gudu tun daga tsakiyar fili, sai aka ce ai magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. A kakar farko ya buga wasan lig 21, yawanci daga benci, ya ci ƙwallo biyu rak, ɗaya a ragar Crystal Palace, ɗaya a ta Tottenham, duka a watan Oktoba. Ya ƙara biyu a ragar Everton a gasar kofin ƙalubale cikin Janairu na 2017. A watan Fabrairu aka sallami Claudio Ranieri, kocin da ya kawo shi, waɗanda suka gaje shi kuwa ba su ga wurin sa shi ba. Rabin farko na kakar da ta biyo baya ya wuce bai taka fili a wasan lig ko sau ɗaya ba.

Masu son sa sukan ce an zalunce shi ne. Gaskiyar maganar ta fi haka tsawo. Leicester tana da Jamie Vardy, wanda aikinsa daidai yake da na Ahmed, watau tsere wa 'yan baya, kuma shi ne ya ci musu kofi. Ba mai ajiye shi don baƙo. Da aka mai da Ahmed gefe, sai aka bukaci ya riƙa komowa tsaron gida yana kokawa da ƙarti, abin da ba a gina jikinsa don shi ba. Daɗin daɗawa, bayan Leicester ta zama zakara sauran ƙungiyoyi sun daina buɗe mata baya, suka koma suna jira a gidansu, filin gudun da aka sayo shi dominsa ya toshe. Shi ma kuma yana da nasa laifin: taɓawarsa ta farko takan kufce masa, kuma in dama ta zo sau ɗaya a wasa, ba kullum yake cin moriyarta ba. A Rasha ana samun dama ta biyu da ta uku. A Ingila ba a cika samu ba.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya nuna hankalinsa. Maimakon ya zauna a benci yana karɓar albashi mai tsoka, a watan Janairu na 2018 ya karɓi komawa CSKA aro don ya sami wasa kafin Kofin Duniya. Wata biyar bayan haka sai ga shi a Volgograd, a ƙasar da ya sani, ya yi abin da aka faɗa a farkon wannan labari. Ƙwallayensa huɗu a Kofin Duniya sun fi na kowane ɗan Nijeriya. Kwana huɗu bayan wasan Aislan, Ajantina ta sake fitar da rai daga 'yan Nijeriya a St. Petersburg da ci 2 da 1, kuma Marcos Rojo ɗin nan dai shi ne ya ci ta ƙarshe.

A watan Agusta na 2018 ya koma Al-Nassr ta birnin Riyad a Saudiyya, ya ci gasar lig da ita a 2019. A farkon wannan shekara ce mahaifiyarsa ta rasu. Ya rabu da ƙungiyar a watan Oktoba na 2020 da niyyar komawa Turai, amma ciniki bai faɗa ba, ya yi wata da watanni ba shi da ƙungiya alhali shi ne kyaftin ɗin Nijeriya. A watan Afrilu na 2021 sai ya yi abin da manyan 'yan wasan ƙasar nan ba su cika yi ba suna da sauran ƙarfi: ya komo Kano Pillars. Zaman bai wuce 'yan watanni ba ya tafi Turkiyya, inda ya buga wa Fatih Karagümrük ta Istanbul, daga baya kuma Sivasspor. Shekarun Turkiyya ba su da wani abin faɗi.

Maganar kyaftin ma tana da nata tarihin. Sunday Oliseh ne ya fara ba shi muƙamin a 2015 bayan saɓaninsa da Vincent Enyeama, aka karɓe aka ba Mikel Obi a 2016, sa'an nan ya dawo hannunsa da Mikel ya yi murabus a 2019. Ya zarce Joseph Yobo da Enyeama ya zama wanda ya fi kowa buga wa Nijeriya wasa. Amma a gasar Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, inda Nijeriya ta kai wasan ƙarshe masu masauki suka doke ta da ci 2 da 1 a Abidjan, koci José Peseiro bai sa shi ko na minti ɗaya ba. William Troost-Ekong ne ya ja ragamar 'yan wasa a fili. An yi ta muhawara a kan ko ya dace a tafi da shi. Waɗansu suka ce an toshe wa yaro mai tasowa gurbi, waɗansu suka ce dattijo a cikin ayari ba don ɗaukar kaya ake tafiya da shi ba. Shi dai ba a ji ya yi ƙorafi ba.

Sana'ar ƙwallo gajeruwa ce. Ma'aikacin gwamnati yana da shekara 35 na aiki, da fansho a bayansu ko da ana jan ƙafa wajen biya. Ɗan ƙwallo in ya yi sa'a ya sami goma sha biyar, rauni guda kuma yana iya yanke su a yini ɗaya. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya a ragar Bulgeriya a 1994, ya rasu a 2012 bayan ya yi shekarunsa na ƙarshe a keɓe a Ibadan cikin rashin lafiya, ƙasar da ya yi wa hidima ba ta waiwaye shi ba sai da ya kwanta dama. Ahmed Musa, ga alama, ya karanci irin waɗannan labarai. Tun yana tsakiyar tashe ya fara zuba dukiyarsa a gida: ya gina cibiyar wasanni da motsa jiki a unguwar Hotoro ta Kano, wadda aka buɗe a 2017, ya kafa gidan mai, ya kuma yi suna wajen rabon abinci da taimakon mabukata, musamman a watan azumi. Daga nan laƙabin Gwamna ya bi shi.

Sai dai cibiya guda a Hotoro ba za ta ɗauki yaran Arewa duka ba. Hanyar da Ahmed ya bi tana da matakai: makarantar koyon ƙwallo a garinsu, ƙaramar ƙungiya mai buga gasar ƙasa a garin nan dai, sa'an nan babbar ƙungiya wadda masu neman 'yan wasa daga waje ke zuwa kallo. Yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin makarantar firamare a Kafin Hausa yana iya fin Ahmed gudu, amma matakin farko ma babu shi a kusa da shi. Ƙungiyar jiha, Jigawa Golden Stars, ta sha hawa da sauka tsakanin rukuni na ɗaya da na biyu. Gasar makarantun sakandare, wadda a da ita ce rariyar da ake tace 'yan wasa, ta ja baya ƙwarai, filayen makarantu da yawa kuma an yanka su an yi gine-gine. Wannan aiki ne na ma'aikatar ilmi da hukumar wasanni da ƙananan hukumomi, ba na ɗan ƙwallo mai kyauta ba.

A watan Oktoba na 2024 ya sake komowa Pillars, wannan karo da niyyar zama, tare da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, wanda shi ma tsohon ɗan ƙungiyar ne. Ya tarar da ita ba kamar yadda ya bar ta a 2010 ba, don har faɗawa rukuni na biyu ta yi a 2022 kafin ta farfaɗo a shekarar da ta biyo. A wasansa na farko ya ci Sunshine Stars ta Akure ƙwallo biyu. A 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta naɗa shi janar manajan ƙungiyar alhali bai ajiye takalmi ba, abin da ya sa masu lura da al'amura suka tambaya yadda mutum zai zama shugaban koci a ofis, ya kuma zama yaronsa a fili.

Bai daɗe a kujerar ba ya ɗanɗana ɗacinta. A watan Oktoba na 2025 Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallon da Pillars ta ci ta ana dab da tashi, aka yi kunnen doki, sai waɗansu 'yan kallo suka ɓalle cikin fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar ta zabtare wa Pillars maki uku, ta ci ta tara ta miliyoyin naira, ta kuma rufe mata filin Ƙofar Mata, aka mai da wasanninta na gida Katsina. Ahmed Musa, mutumin da ya buga wasa a Mosko da Leicester da Riyad, shi ne ya fito ya ba da haƙuri a madadin ƙungiyar da magoya bayanta.

Wata biyu bayan haka, a Disamba na 2025, ana shirin fara gasar Kofin Afirka a Maroko, ya ba da sanarwar ya daina buga wa Nijeriya wasa. Shekara 15 ke nan tun ranar da ya shiga fili a wasan Madagaska yana ɗan shekara 17, ya kuma sa rigar ƙasa sau 111.